Mushe Hamidu Bai Taɓa Caca Ba

Muna tsaye a filin lakkol, wato makarantarmu ta boko, da safe, yara sun yi layi ana ɗaga tuta, sai wayar direkta ta yi ƙara. Ya koma gefe ya amsa, na ga ya nemi dakali ya zauna. Da na matsa kusa ya ce mini abokin aikinmu Mushe Hamidu ya cika a mota, a kan hanyar Yamai, kafin a kai shi asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yarsa Nana tana cikin layin ajina, bakinta yana bin taken ƙasa. Ni na kama hannunta na kai ta gida.

Mushe Hamidu (Mushe muke kiran malami namiji a lakkol, daga Faransanci) ɗan Tabla ne, amma a nan Filinge ya ƙarar da ƙarfinsa. Shekaru da dama bango ɗaya ne ya raba ajina da nasa, don haka na san shi kamar yadda ake sanin maƙwabci. Shi yake cika randar ajinsa da kansa kafin yara su iso. Ban taɓa jin ƙarar bulala ta ƙetaro bangon nan ba. Yakan ce, "Yaron da ya zo lakkol da tsoro, tsoron kaɗai zai koya." Kullum akwai alli a gemunsa, ko mun gaya masa sai ya shafa ya ƙara wani. A masallacin unguwarsu kuwa, in liman ya yi tafiya, shi ake turawa gaba ya ja salla.

A shekarar da soja suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, wutar lantarki ta zama abin marmari, lakkol ɗinmu ya cika da yaran da ba mu sani ba. Daga ƙauyukan da aka rufe makarantunsu saboda rashin tsaro suka zo, wasu da iyayensu, wasu an ajiye su gidan dangi. Suna zaune a bencin baya ba uhum ba uhum-uhum. In babur ya wuce da gudu, sai ka ga yaro ya shige ƙarƙashin tebur. Ba su shiga wasan 'yan gari, 'yan gari kuma ba su neme su ba. Sannu a hankali bencin baya ya fara yin fili, muka riƙa ganinsu a kasuwa suna tura kurar ruwa.

Mu sauran malamai mun yi ta jimami a bakin ofis. Shi ya tafi gida ya ɗauko telen ɗakinsa, wato talabijin, da faifan sola da batir, da wata tsohuwar na'urar wasan bidiyo da ƙanensa ya aiko masa daga Yamai. Matarsa Rakiya ta ce mini ta dawo daga biki ta tarar da gurbin tele, har ta fara salati ta zaci ɓarawo ne. Ya share tsohon ɗakin ajiya, ya kafa ƙungiyar buga ƙwallo a tele, maza da mata, da niyyar su kara da wasu makarantu. Dokokinsa ba su da yawa. Wanda ya yi fashin aji ba ya taɓa maneti, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa 'yan wasa. Biyu-biyu ake bugawa, ɗan gari da baƙo a gefe ɗaya, ko da wannan Hausa yake ji wancan Zabarmanci. Wanda aka ci shi zai fara miƙa hannu. Wasan harbi kuwa ya haramta shi kwata-kwata, ya ce, "Sun ga ta gaske, ba su buƙatar ta tele." Shi kansa bai iya ba ko kaɗan. Yara su lallasa shi, ya ce maneti ne ya lalace.

A ƙofar ɗakin ya rubuta da fenti, da Faransanci kamar yadda ake rubuta komai a lakkol: *Salle de jeux*, ma'ana ɗakin wasanni. To a bayan tasha akwai wata rumfar kwano inda samari suke caca, kuma abin da ke rubuce a ƙofarta ke nan harafi da harafi, domin a Faransanci kalma ɗaya ce take ɗaukar wasa da caca. Alhaji Sanda, ɗan kasuwar hatsi kuma shugaban kwamitin iyayen yara, ya zo wucewa ya karanta. Bai leƙa ciki ba, bai tambayi kowa ba. Bayan sallar la'asar ya miƙe a masallaci ya ce, "Na gani da idona. Abin da anka rubuta ga ɗakin caca na bayan tasha, shi anka rubuta ga lakkol. Caca aka koya ma ɗiyanmu."

Kuskure ba abin kunya ba ne, kowa yana yi. Abin da ya biyo baya ne har yau yake tayar mini da zuciya. Mushe Hamidu ya je har rumfarsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kira shi Baba Alhaji, ya fassara masa kalmar, ya roƙe shi ya zo ya gani. Alhaji ya ce shi ƙafarsa ba ta taka wurin haram. Mutumin da ke auna hatsi ya shinshina, ya tauna, ya watsa a tafin hannu kafin ya saya, ya kasa taka ƙofa ɗaya kafin ya yanke wa malamin 'ya'yansa hukunci. Mutanen gari kuma suka karɓi maganar da hannu biyu, don ta fi gaskiya daɗin maimaitawa. Cikin ɗan lokaci sunansa ya koma Mushe Caca. A bakin famfo yara suna kiran Nana ɗiyar mai caca, iyayensu mata suna tsaye suna ji.

Sai wata rana liman ya yi tafiya. Aka tayar da iƙama, Mushe Hamidu ya matsa gaba kamar yadda ya saba. Alhaji Sanda ya fice daga sahu, wasu suka bi shi, suka yi tasu sallar a waje. Rakiya ta ce ranar bai ci tuwo ba, kuma tun daga nan bai sake wuce sahun ƙarshe ba. Ya shafe rubutun ƙofar da farin fenti. Na ce masa tunda abin ya kai ga salla, ko zai rufe ɗakin ya huta? Ya ce, "Madam, na goge ta ga ƙofa, ba ni iya goge ta ga bakin mutane. Amma leƙa bencin baya ki gani." Na leƙa. Bencin baya ya cika, har ana matsatsi.

Da wasu samari suka shirya gasa tsakanin makarantun yankinmu na Kurfai a gidan matasa, ƙungiyarmu ce ta ci kofi. Wadda ta zura ƙwallon ƙarshe Fati ce, yarinyar da ta zo daga wajen Damana, wadda a da ko sunanta aka kira sai dai ta ɗaga hannu. Ranar ta yi ihu har muryarta ta dishe. Hoton yana nan rataye a ofishin direkta, kowa ya je ya duba. Alhaji Sanda ne a tsakiya cikin babbar riga, ya rungume kofi. Na Mushe Hamidu kafaɗa kawai ta fito a gefe. Alhaji bai janye ko kalma ɗaya ba, cewa ya yi kwamiti ne ya gyara abin.

Ranar jana'iza, waɗanda suka ƙi yin salla a bayansa su ne a sahun gaba suna yi masa salla. Haka aka faɗa mini. A zaman makoki ina cikin mata kusa da Rakiya, Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa ya yi ta'aziyya, sannan ya ce kwamiti ya yanke shawarar rubuta sunan marigayi a ƙofar ɗakin wasan, za a yi biki a gayyaci manyan gari. Rakiya ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Mun gode, Baba Alhaji. Ƙofar nan ta sha rubutu, ku bar ta ta huta. Ga masallaci kunka ba shi suna, ga masallaci za ku amshe shi. Ku tashi bayan la'asar ku ce ba caca ba ce. Shi ɗai nika roƙo, don Nana."

Ya ce abin da ya wuce ya wuce, Allah ya ba da haƙuri, ya saka takalmansa. An yi sadaka an watse, la'asar nawa ta wuce, har yau bai miƙe ba.

Tunda shi ba zai faɗa ba, ni zan faɗa, kuma ina so a karanta wannan a rumfunan kasuwa da bakin famfo. Ni na zauna a ɗakin nan, na ga abin da ake yi. Ba a taɓa ajiye ko dala a ci ko a cinye ba. Mushe Hamidu bai taɓa caca ba, bai koya wa ɗan kowa ba. Yaran da tsoro ya kora ya dawo da su aji, da telen ɗakin matarsa. Rakiya ta ce a bar kayan a inda suke. Makullin yana hannuna, Fati tana koya mini riƙon maneti, kuma na gaji marigayi wajen shan kaye. Ƙofar tana nan fara, ba za a rubuta mata komai ba.

Shekaranjiya Nana ta tsaya bayan an tashi, ta tambaye ni ko akwai wanda zai gaya wa Allah cewa ƙarya aka yi wa babanta. Na ce mata Allah ba ya jiran a gaya masa, mu ne muke jira.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Hamidu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda aka mayar da shi sahun ƙarshe a nan, ka sa shi cikin na gaba a wurinka. Ka ba Rakiya haƙuri da abin rufin asiri, ka ba mahaifiyarsa da ke Tabla dangana. Ka raya Nana, ka shirya ta, ka sa daga yau duk wanda zai kira ta a garin nan ya kira ta da sunan da ya dace da ita, ɗiyar Mushe Hamidu. Amin.