Kofin Baba

Agogo ake ce mata a gidansu, kuma ba don yabo aka raɗa mata sunan ba. Tun tana ƙarama komai nata da lokacinsa, komai da mazauninsa. Ka gusar mata da takalmi daga inda ta ajiye, ka ja wa gidan rigimar yini guda. Ba ta kallon mutum a ido, ba ta gane zolaya, in mutane suka yi yawa sai ta toshe kunne ta shige ɗaki. Mahaifinta direban bas ne, mai son jama'a da hira, ya kuma sha daka mata tsawa: "Ke wace irin yarinya ce? Ɗago ki dube ni." Sai da ta haura talatin wata likita ta ce abin da ake kira otizim ne, ba ciwon da ake sha wa magani ba, haka aka halicce ta. 'Yan gida suka ce to, suka ci gaba da zolayarta kamar da.

Guga take yi a wani shagon wanki, shekara goma sha tara a teburi ɗaya kusa da taga. Kwala tukuna, sannan hannuwa, sannan baya. Masu kaya sun san karin wandon da ta fitar, amma ba su san fuskarta ba. Abokan aiki kan haɗu su ci abinci suna shewa, ita kuwa tana cin nata a bayan injin busar da kaya, inda ƙara ba ta canzawa. Kada ka ɗauka kaɗaicin bai dame ta ba. Yana damunta ƙwarai, ƙofar shiga cikin mutane ce ba ta taɓa samu ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarsu, mantuwa ta kama Baba. Kullum ƙarfe huɗu da minti goma Agogo za ta iso gidansa, ta haɗa shayi a shuɗin kofinsa, ta ajiye a hagunsa, ta juya kujerarsa ta fuskanci titi don ya ga motoci. Sai ya tambaye ta sau ashirin wace rana ce yau, ta amsa sau ashirin da murya ɗaya. Sauran 'ya'yan a ta uku suke ƙosawa. Ita maimaici bai taɓa gundurarta ba, a cikinsa ma take samun natsuwa.

Rannan Yaya, babban wansu, ya ce tsohon ya dawo gidan shi Yayan da zama, inda akwai falo da masu hidima. An yi shawara da kowa ban da Agogo. Wa ke tambayar agogo ra'ayinsa?

Baba ya rufe baki ya ƙi abinci. Aka yi lallashi, aka canza girki, jikoki suka kewaye shi suna "Kaka, ka gane ni?" Kwana shida sai ruwa kaɗan. Likita ya ce in aka ƙara kwana biyu a haka, sai asibiti a sa masa roba ta hanci. Da dabara ta ƙare, Yaya ya kira ta a waya.

"Baba ya ƙi cin komai."

"Ina shuɗin kofinsa?" ta ce.

"Ana maganar rai, ke kina maganar kofi?"

"Eh."

Ta biya tsohon gidan ta ɗauko kofin. Ta iso ƙofar Yaya huɗu saura, ta tsaya a waje har lokaci ya cika, matar Yaya na leƙenta ta taga tana taɓe baki. Da ta shiga, ta kashe talabijin, ta ja kujerar zuwa taga, ta ce wa mutanen falon, "Kun yi yawa. Ku fita." Suka fita ransu a ɓace, don gaskiya ba ta iya magana ba, ko da yake gaskiya ta faɗa.

Ta haɗa shayi, ta ajiye kofin a hagunsa, ta gutsura burodi a gefe. Ba ta leƙa fuskarsa ba, ba ta nemi ya gane ta ba. Ta zauna suna kallon titi tare. Wata bas ta wuce, wata ma ta wuce. A ta uku hannunsa ya lalubo kofin a inda ya saba samunsa. Ya sha, ya tsoma burodin ya ci.

"Yau wace rana ce?"

"Talata, Baba."

Can ya juyo. "Baiwar Allah, kina da kirki. Ina da 'ya kamarki, ba ta kallon mutum a ido. Na takura mata da yawa. In kin gan ta, ki ce ta yafe mini."

Agogo ba ta iya ƙarya ba, don haka ba ta ce za ta gaya mata ba. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ta ji, Baba."

"Yau wace rana ce?"

"Talata," ta ce, ta ƙara masa shayi.