Jirgin Tururin Dakta

Lokacin da aka kulle mu a gida saboda korona, a ƙasar waje muke zaune, a wata unguwa da ake kira Pantai Dalam, hawa na goma sha ɗaya, ni da maigidana da yake koyar da lissafi a jami'a. 'Ya'yanmu duk sun girma sun bar gabanmu, gidan shiru, ba abin yi sai girki da waya.

A hawan da ke samanmu akwai wani mutumin wajenmu, shi ma malamin jami'a, fanninsa harkar yawon buɗe ido. Kowa Dakta yake ce masa, don in ka manta zai tuna maka. Mutum ne da in ya sami sabon abu sai kowa ya ji a jikinsa. Ya yi yayin kiwon kifi a gilashi, ya yi na keken tsere, wanda ya ƙare a jingine a ƙofarsa tayoyin a sace. Kafin kulle da 'yan makonni ya shiga wata ƙungiya ta 'yan ƙasar, yawancinsu masu hali da suka yi ritaya, waɗanda suka ɗauko wani tsohon kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi suna gyarawa a wata rumfa a bayan gari. Burinsu su ɗora shi a kan babban layi, inda jiragen lantarki suke bi, ya ja taragu cike da 'yan kallo.

Dakta bai taɓa taka rumfar ba, kulle ya riga shi. Hotuna kawai ya gani. Amma hakan bai hana shi yin odar shuɗayen kayan aiki da hula da jan ƙyallen ɗaurawa a wuya ba, har da shebur, mai babur ya kawo masa su ƙofar gini. Kullum bayan la'asar sai ya kira maigidana ya yi ta bayanin ƙamshin kwal da daɗin kukan jirgi, ya ce shi fayaman zai zama, wato mai zuba wa jirgi kwal a wuta. Ina kicin ina ji, don maigidana a bayyane yake saka wayar ya ci gaba da duba takardun ɗalibai.

Ni kuwa 'yar fayaman ce. A kwatas ɗin reluwe na Zariya na tashi. Ina ƙarama Baba yakan yi kwana biyu a hanya, ya dawo ba abin da ake gani a fuskarsa sai ido da haƙora. Mahaifiyarmu ruwa uku take canja wa kakinsa kafin kumfa ta yarda ta tashi. In ya yi kaki baƙi ne. Hannayensa duk tabon ƙuna, kunnensa na hagu ya mutu tun kafin a haife ni. Ranar da aka mayar da shi jirgin dizal sai da ya sa aka soya waina aka raba sadaka a layinmu. Wannan ne abin da Dakta yake kira ƙamshi.

Maigidana ne ya yi suɓul da baka ya faɗa wa Dakta aikin Baba. Washegari sai ga Dakta a ƙofarmu, takunkumi a haɓa, riƙe da ledar shayi da gurasa da ya sayo mana a ƙunshe daga shagon mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi. Shekara uku muna maƙwabtaka bai taɓa kawo mana ko ruwan sanyi ba. Ya ce ƙungiyarsu tana taro ta bidiyo duk Asabar, yana so Baba ya yi musu jawabi. Na ce Baba ba ya ji sosai. Ya ce ai shi zai yi tafinta. Da ya tafi maigidana ya yi ta lallashina, wai kada mu ba shi kunya, a ƙasar mutane muke. Na kira Baba ina da tabbacin zai ƙi, sai na tarar kulle ya ishe shi shi ma, ba masallaci ba majalisa. Ya ce yana so ya ga idon mutanen da suke da lantarki suke neman wahala da kansu.

Aka yi taron da yamma a wajenmu, hantsi a gida. Ƙanwata ce ta riƙe wa Baba waya. Fuskoki sun kai ashirin, kowa da hoton jirgi a bangonsa. Dakta ya ɗaura jan ƙyallensa, ya jingine shebur inda kowa zai gani. Ya daɗe yana gabatar da Baba da Turanci, rabin gabatarwar a kan kansa. Mu muna falo mun kashe muryarmu.

Shugaban ƙungiyar ya tambayi Baba me ya fi tunawa. Baba ya ce, "Zafi. Gabanka wuta, ƙarƙashin ƙafarka ƙarfe. Daga Zariya har Minna bayana ba ya miƙewa."

Dakta ya gyara hula ya gaya musu cewa dattijon yana tuna irin zumuncin da ke tsakanin direba da fayaman. Suka yi ta gyaɗa kai. Wata mata ta tambaya ko yana kewar jirgin. Baba ya ce ko a mafarki ya gan shi sai ya tashi ya yi a'uziyya. Dakta ya ce musu har yau dattijon yana mafarkin jirginsa.

Maigidana ya kama hannuna, na fizge, na buɗe muryata. Na yi sallama, na ce ni 'yarsa ce, na maimaita musu abin da mahaifina ya faɗa kalma bayan kalma. Can sai wani tsoho ɗan asalin Indiya, yana can ƙasan allo cikin singileti, ya fashe da dariya har da tari. Ashe tsohon makanikin reluwe ne, kuma shi ne ainihin mai gyaran. Sauran sai zuwa da kyamara da goge tagulla.

Daga nan hira ta koma tsakaninsa da Baba, ni ina fassara. Baba ya tambayi inda jirgin zai sha ruwa. Tsohon ya ce tankunan tashoshi duk an rushe su, sai dai motar ruwa ta je ta tare shi a hanya. Baba ya ce to wayoyin lantarkin da ke sama fa, tunda aikin sai da hawa bisa jirgin? Tsohon ya ce duk wanda ya hau ba zai sauko da ƙafarsa ba, don haka an hana. Ya ƙara da cewa masu layin sun ce ba za a bar shi ya fita ba sai da kan dizal a bayansa, saboda birki da na'urorin sigina, kuma saboda ba zai iya gudun na lantarki ba. Baba ya sosa gemu, sannan ya ce a tambaya masa wa zai zuba kwal a cikinsu, don bai ga mai ƙwanjin ba.

Dakta ya jawo shebur ɗinsa ya ɗaga.

Tsohon ya matso da fuskarsa kusa da allo ya ce, "Wane kwal, lah? Baƙin mai yake sha. Tun kafin a ɗauke ni aiki aka mayar da su mai. Fayaman a zaune yake, famfo yake murɗawa."

Na fassara wa Baba a kunnensa mai ji, ta bakin ƙanwata. Ya ce, "Ashe risho ne."

Wannan ma sai da na fassara musu. Hoton Dakta ya ɓace daga allo. Daga baya ya gaya wa maigidana cewa netwok ne.

Na ɗauka shi ke nan, amma irinsu ba sa jin kunya ta kwana biyu. Da aka sassauta doka, ƙungiyar ta sami izinin gwaji sau ɗaya, ranar wata Lahadi da safe, a ɗan tsakanin da jiragen lantarki suka yi sauƙi. Dakta ya aika wa duk gidajen Hausawa gayyata, daga Setapak har Taman Melati, kamar shi ya ƙera jirgin. Na je. Ba zan ɓoye ba, so nake in gani.

Kan jirgin yana da kyau, wannan gaskiya ce. Ya sha fenti, tagullarsa tana ƙyalli, yana huci a hankali. Da ya yi kuka sai na tuna muna yara muna rige-rigen zuwa bakin wayar da aka shinge layin dogo. Amma a can ƙarshen taragu ga kan dizal nan yana gurnani, masu hoto kuwa duk sun taru a kusurwa ɗaya inda ba zai fito ba. Dakta ba a bar shi ya hau kan jirgin ba, ba shi da takardar shaida. Aikin da aka ba shi shi ne auna zafin goshin mutane da fesa musu man wanke hannu a bakin ƙofa. Cikin shuɗayen kayansa ya yi, har karin guga bai ɓace ba. Da idona na ga ya dangwali maiƙo a jikin ƙafar jirgin ya shafa a kumatu kafin a ɗauke shi hoto.

Tafiyar ba ta yi nisa ba aka karkatar da mu wani layi na gefe, muka tsaya. Jiragen lantarki uku suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya, fasinjojinsu cikin sanyi suna kallonmu ta gilashi. Mu kuwa tsofaffin taragu, ba iska, takunkumi ya jiƙe sharkaf. Motar ruwa ta makara. Matar Dakta tana kusa da ni tana fifita da katin gayyata, ni kuwa ban so in ƙara mata kunya ba. Da aka tashi komawa babu wurin juya kan jirgin, sai dizal ɗin ya ja mu gaba ɗaya, na tururin yana biye da baya kamar akuyar da aka ɗauro daga kasuwa. Mutane suka tafa.

A tasha na nemi tsohon makanikin. Yana zaune a kan wani bokiti yana goge hannu da tsumma. Ya tambayi lafiyar Baba. Na ce masa shi da ya san abin, me ya kai shi? Ya ce matarsa ta rasu, gidan ya yi masa girma, kuma ƙarfe ne kaɗai abin da ya iya. Shi kam ban raina shi ba.

Bayan wata biyu Dakta ya rubuta wata doguwar maƙala cewa ya kamata a yi irin wannan tsakanin Kano da Kaduna don jawo baƙi. Ya turo maigidana ya roƙar masa hoton Baba na lokacin aiki, zai sa a shafin farko. Na gaya wa Baba. Ya ce a lokacinsu ba wanda ya ga fayaman ya yi sha'awar ɗaukarsa hoto, guda ɗaya gare shi, na katin asibitin reluwe, in Dakta yana so a aika masa.

Haka na faɗa wa maigidana, shi kuma ban san yadda ya tace maganar ba kafin ya isar. Tun daga nan in mun haɗu da Dakta a lif sai ya amsa sallama yana kallon lambobin hawa. Shekara na zagayowa aikin maigidana ya koma wata kwaleji, muka tashi zuwa Setapak.