Orvis da Lakar Inna Ludie

Orvis Pruitt ɗan gwaggona ne, taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Tun yana cikin tsumma yake maguɗi. Gwaggo ta ce ranar da aka kai shi awon jarirai, sai da aka zazzage notuna biyu daga cikin nafkinsa. Ni ban gani ba, amma na yarda.

A gonar taba muka tashi. Makaranta kuwa mun leƙa ta ne kawai muka gaishe ta. Shi ya zama bakanike kuma direban tsere, ni na zama mai riƙe masa fitila da ba shi shawarar da bai tambaya ba. Duk Asabar muna Filin Braswell, da'irar jar lakar nan da ke bayan rumbunan busar da taba, inda kowa ke kawo tsohuwar motar gidansu, ya fasa gilasai, ya rubuta lamba a ƙofa da fentin ɗaki, ya shiga tsere.

Filin na Inna Ludie Braswell ne, mijinta ya mutu ya bar mata. Dokokin tseren suna cikin kanta, kan kuma yana bin gwiwarta. Ranar da gwiwar ke ciwo, ko tari ka yi a kan layi sai ta kore ka. Ranar da ta lafa, ko injin jirgin sama ka ɗaura sai ta ce Allah ya tsare. Doka ɗaya ce ba ta motsi: in an gama tsere, mota za ta hau sikeli da direbanta a ciki, wanda nauyinsa bai kai ba ya tashi a banza, ko da ya ba na bayansa ratar gari guda. Mai kula da sikelin shi ne Tolbert, mijin 'yarta, mutumin da bai taɓa yin dariya ba sai sau ɗaya, shi ma aka ce atishawa ce.

Abin da Orvis ya yi wa wannan sikeli da sauran dokoki, in na ce zan lissafa sai tabar bana ta bushe ban gama ba. Ya taɓa naɗe tiyon mai a ƙarƙashin kujera, tiyon da in an miƙe shi zai kai har jihar Virginia, ta yadda ko an cire tankin motar za ta kai shi gida. Ya jiƙa tayoyi da wani haɗi mai wari, karenmu ya shinshina ya wuni yana tafiya da baya. Ya cusa ƙwayoyin dalma cikin bututun ƙarƙashin mota, da wata igiya da zai ja a tsakiyar tsere su zube motar ta yi sakayau, kafin a hau sikeli kuma ya san yadda zai cike giɓin. Tolbert ya tsufa a ƙarƙashin motar Orvis da tocila a baki, bai taɓa kama shi ba.

Sai dai duk wannan wayo bai ba shi abin da yake so ba. A bangon rumfar gashin nama ake rubuta sunan wanda ya ci babban tseren kaka, wanda ake yi bayan an sayar da taba. Sunan mahaifinsa, Lemuel Pruitt, yana nan da baƙin fenti. Orvis ya ci ƙananan tsere ba iyaka, amma na kaka kullum dabararsa ce take cin sa. Shekarar dalma, ya zubar da ita a kwana, ya zagayo ya taka abarsa, ya wuce ta cikin shinge ya tsaya a gonar masarar mutane. Shekarar tiyo kuwa wuta ce ta kama wandonsa. Ko ya je sayen nama a rumfar, ba ya kallon bangon. Da gefe yake tsayawa kamar mai ciwon wuya.

Ana nan sai ƙirjinsa ya riƙe, aka kwantar da shi asibiti. Likita ya ce wannan kakar ita ce ta ƙarshe, bayan ta ko keke ba zai yi tsere da shi ba. Matarsa Vonnie ta kwashe soyayyen nama daga gabansa ta maye da dafaffen ganye. Mutumin da a da sai an tura shi ta tagar mota kamar buhun taki, ya dawo iska na kaɗa rigarsa. Yana fitowa daga asibiti Fasto Eubanks ya tsoma shi a rafi ya yi masa baftisma, ya fito yana tari yana rantsuwa gaban jama'a cewa ya bar maguɗi.

Na ce, «Taubashi, in aka cire maguɗi daga jikinka, me zai rage? Takalma?»

Ya ce, «Kai dai riƙe fitila.»

Muka shiga kwance mota. Nan ne ruɗu ya fara, domin ya manta abin da yake na halal da abin da ba shi ba. Sai ya ɗago wani ƙarfe ya yi ta juya shi.

«Wannan fa? Da shi ta zo, ko ni na sa?»

«Ni ka tambaya? Ni da ko sunansa ban sani ba?»

Duk abin da ya yi shakka sai ya jefar. Muka tara tsibin ƙarafa a bayan gida wanda ya fi motar tsayi. Ya ɗaure dalmar halal ta cika nauyi da noti a inda kowa zai gani, daidai yadda ya saba lissafin nauyin motar a kansa. Da muka gwada ta a hanyar gona, sai ga mota tana gudun da ba ta taɓa yi ba. Ya fito ya zagaya ta yana sosa ƙeya.

«Ko dai akwai wanda na manta ban cire ba?»

Bai yi barcin kirki ba har ranar tsere.

Ranar kuwa gari ya taru. Fasto ya yi addu'a a lasifika, Inna Ludie ta hau kujerarta a saman rumfa da kofin shayi mai ƙanƙara, aka saki tuta. Ba zan ja ku da nisa ba. Orvis ya wuce su kamar suna tsaye suna jiran canji. Wanda kawai ya manne masa shi ne Doyle Stancil, mai sayar da taki, shi ma ƙurar Orvis ya sha har ta ƙoshe shi. Da aka kaɗa tutar ƙarshe na yi ihun da sai da haƙorin roba na wata tsohuwa ya faɗo.

To, akwai abin da kowa yake yi a filin nan tun kafin a haife mu. In an gama tsere, mai ya ƙone, mota ta yi sauƙi, sai a yi zagaye ɗaya a hankali ta gefen ƙasa inda motar ban ruwa ke barin caɓi, a kwaso laka a tayoyi da ƙarƙashi kafin a hau sikeli. Ba wanda ya taɓa kiran wannan maguɗi, ba kuma wanda ya taɓa cewa halal ne. Yi kawai ake yi. Motoci suka gangara caɓi kamar aladu. Orvis shi kaɗai ya bi ta sama, ta busasshen wuri.

Bai tsaya nan ba. Yana isa bakin sikeli ya fito da cokalin magini ya durƙusa, ya fara kankare lakar da motar ta ɗauka da kanta a cikin tseren.

Na ce, «Taubashi, me kake yi haka?»

«Ba da ita na zo ba.»

«Wa ya tambaye ka? Ajiye cokalin nan, don Allah!»

Ya kankare kogon tayoyi, ya kankare bamba, ya shiga ƙarƙashi ya fito ja wur kamar tukunya. Ya tara lakar wuri ɗaya a gefe, tsibi guda mai kyau. Sannan ya shiga ya hau sikeli.

Tolbert ya tura ƙarfen awo gaba, ya dawo da shi baya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya hura sikelin da baki.

«Orvis, ba ka kai ba.»

«Ban kai ina ba?»

«Nauyi. Saura 'yan laba kaɗan.»

Sai a lokacin abin ya faɗo mana. Lissafin da ke kansa na tsohon Orvis ne, mai tumbi, a cikin mota mai laka. Tumbin kuwa Vonnie ta cinye shi da ganye, lakar kuma ga ta can a ƙasa.

Tolbert ya sunkuyo ta taga, murya ƙasa-ƙasa. «Rabin rayuwata ina neman kama ka. Ba yau nake so ba, kuma ba haka ba. Sauka ka mayar da lakarka. Zan je shan ruwa.»

«In na mayar, maguɗi ne?»

«Ni awo aka sa ni. Tambayi mai fili.»

Muka ɗunguma gindin rumfa, jama'a na biye. Orvis ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji.

«Inna, laka tana cikin mota ne, ko tana cikin fili?»

Ta leƙo. «Wace irin tambayar mashaya ce wannan? Ba an ce ka tuba ba?»

Aka yi mata bayani, mutum goma a lokaci ɗaya. Ta shafa gwiwa, kowa ya zuba wa hannun ido.

«Ƙasar nan tawa ce, har wadda ke cikin kunnenka. Abin da mota ta ɗauko a tsere, aro na ba ta, ta hau sikeli da shi. Amma wanda ya koma fili da shebur ya ɗebo sabuwa, ɓarawo ne.»

«To wadda aka ɗauko, aka sauke, aka mayar fa?»

«Ɗan nan, tun da aka kafa filin nan ba a taɓa samun wawan da ya sauke ba. Ina zan samo maka doka? Taka ce, in ka ga dama ka mayar. Ka yi sauri, naman can yana ƙonewa.»

Wani ya yi ihu daga baya, «Mayar, Orvis! Ubanka ma da laka ya hau!» Vonnie ta riƙe masa hannun riga tana cewa ya tuna rafi. Ya waiga ya hango Fasto da gurasar masara a hannu.

«Fasto, kai ka tsoma ni. Faɗa mini.»

Fasto ya haɗiye da ƙyar. «Ɗan'uwa Orvis, da laka aka yi mutum, wannan a rubuce yake. Amma ban ga inda aka yi maganar mota ba.»

«Wato in mayar?»

«Ban ce ba.»

«In bari?»

«Wannan ma ban ce ba. Me zuciyarka ta ce?»

«Zuciyar da likita ya ce kada in yarda da ita?»

Ya tsaya a tsakiya, cokali a hannu ɗaya, hula a ɗaya. Na gan shi ya ɗaga kai ya dubi bangon rumfar kai tsaye, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ya nufi sikeli da sauri, muka bi shi.

Babu laka. Wurin an share shi tas, har da sawun tsintsiya.

Motar Doyle Stancil ce a kan sikeli, ta yi kumatu ta ko'ina kamar an yaɓe rumbu. Matarsa na tsaye a gefe da bokiti, hannuwanta ja har gwiwar hannu, tana kallon sama kamar mai duba hadari. Tolbert ya tura ƙarfe, ya daɗe bai ɗago ba.

«Ya kai,» in ji shi.

Wuri ya kaure. Na ce, «Taubashi, lakarka ce! Kowa ya gani! Yi magana!»

Orvis ya dubi cokalin da ke hannunsa. «Ai na ce ba tawa ba ce.»

«To ta wa ce?»

«Ta Inna.»

Aka koma wa Inna. Ta ce ita daga sama ba ta ga komai ba, laka kuma ba ta da lamba a ƙofa, wanda ya kai ta sikeli shi ta ara wa. Wani ya ce a wanke duk motocin a sake awo. Ta ce in aka yi haka sai dai a rubuta sunan motar ban ruwa a bango. Doyle ya fito yana ta miƙa wa Orvis hannu yana cewa shi wallahi yana cikin mota, bai san abin da mata ke yi ba. Orvis ya karɓi hannun, ko cokalin bai ajiye ba.

Sunan Doyle aka rubuta. Orvis bai sake shiga tsere ba.

A coci, Vonnie ta ba da shaida cewa mijinta ya ƙi duniya a gaban sikeli, har yau tsofaffin mata na riƙe masa hannu suna hawaye. A rumfar nama kuwa cewa ake ya fi kowa gudu a fili, matar Doyle ta fi shi gudu a ƙasa. Duka biyun yana jin su, yana gyaɗa kai.

Kwanan baya na same shi a barandarsa yana ɓare wake. Na zauna na ɗebi nawa.

«Taubashi, tsakaninka da Allah. Da ka juya da cokalin nan, mayarwa za ka yi, ko mota za ka ɗauka ka tafi gida?»

Ya watsa ƙwayoyin wake a kwano.

«Da safe in na tashi, sai in ga tafiya gida zan yi. In yamma ta yi, sai in ga mayarwa zan yi.»

«Yanzu fa?»

Ya leƙa ya dubi rana. Tana tsaka.

«Ɓare wakenka,» in ji shi.