Abin da Ya Hana Kulu Shafa Mai

Ana idar da sallar asuba muka bar Gwadangaji, ni da gwaggona, a keken da ya sauke mu tashar motocin Argungu. A jakata akwai man kariyar rana da na saba aika wa ƙanwata Kulu, wadda ke aure a Gulma. Kulu zabiya ce, rana kuwa ba ta taɓa raga mata ba. In ta wuni a waje ba ta shafa ba, kafin la'asar wuyanta ya yi jawur, kashegari ya saɓule. Mijinta ne ya kira ni, ya ce wani gyambo ya fito mata a bayan wuya ya ƙi warkewa, kuma shi ya rasa gane kanta. Na ce to wannan karon ba aike, da ƙafata zan je. Gwaggo ba wanda ya gayyace ta. Cewa ta yi kifin Argungu take marmari, amma na san ƙarya take, Kulu ce 'yar lelenta.

Motar irin wadda ake cusa mutum huɗu a baya ce, gwaggo kuwa ita kaɗai mutum biyu ce, don haka a kan ƙugu ɗaya na yi tafiyar. Muna wuce Ambursa gari ya waye sosai. Fadama ta yi ruwan zinariya, ana ta yankan shinkafar rani, wasu na buga dami a jikin duro, injinan ban ruwa na ta tari a bakin rijiyoyi. A gefen titi ga buhunan albasa jere. Gwaggo ta leƙa ta taga ta tambayi kuɗin kwando, da aka faɗa mata sai ta ce wa mai albasar ya gaishe ta, ita ba gonar ta zo saya ba.

A Argungu muka karya da masa da soyayyen kifi mai yaji, wanda ya sa na yafe wa direba matsin da na sha. Daga nan sai babur. Gwaggo ta riƙe rigar ɗan acaɓa kamar za ta yage ta, tana salati a kowane rami. Da muka zo gada na ga masunta kwance a kan manyan goruna, suna yawo a ruwa da homa, ragar kamun kifi, a hannu, hankalinsu kwance. Hantsi bai gama ɗagawa ba amma zafin ya fara dukan tsakar ka.

Mun tarar da Kulu a tsakar gida tana juya shanyar shinkafar da ta turara, a cikin wannan ranar. Ta rugo ta rungume ni, ni kuwa na tsaya ina dubanta. Fuskarta ta ƙone, leɓɓanta sun tsage, gyambon da ke wuyanta ya kai faɗin kwabo. Da muka shiga ɗaki ta buɗe kabad za ta ɗauko mana kwanon sha, sai na hango su a bayan kwanonin jerenta: duk man da na aiko tun bara, a jere, ko murfi ba a taɓa ba. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani.

"Kulu, duk man da nika aiko miki, nan kika tara shi? Mi ya hana ki shahwawa? So kike rana ta kashe ki?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba komi, Yaya."

Na buɗe baki zan ƙara, gwaggo ta daka mini tsawa. "Ke, hushi ya ruhe miki ido! Ba ki ga yadda ɗiyag ga ka tashi ba, hannu bisa ƙugu?"

Sai a lokacin na duba da kyau, ashe ciki gare ta. A wajenmu mace ba ta faɗin cikin fari da bakinta, ko ga uwa ko ga yaya. Kunya ce, kuma da ita aka raine mu. Kulu ta yi ɓari bara, don haka wannan ma na fari ne. Gwaggo ta jawo ta kusa ta ce ta ba mu labari, ko na wata ne. Kulu ta juya tana kallon bango.

"Wata mata ta," in ji ta a hankali, "ta ji ga waya an ce man rana na da abin da ka shiga jini, shi taɓa jijiyoyi, har na cibiya. Kuma ita tana shahwa shi kullum sa'ad da na hwarko ya zube. Shi na ta ce gara hwatarta ta ƙone."

Wallahi kuka ya zo mini. Watanni tana tsaye a rana tana ƙonewa, ta kasa tambayar kowa, don tambayar ba ta yiwuwa sai an ambaci cikin. Mijin ma bai san dalili ba. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin duk wanda ya saki rabin magana a waya ya tafi abinsa.

Bayan azahar, da muka ci tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa, muka lulluɓe ta muka koma Argungu wajen wata likita. Gwaggo ce ta yi bayani, Kulu na wasa da bakin hijabi. Likitar ba ta yi mata dariya ba. Ta ce maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya: wasu sinadaran da ke cikin irin wannan mai suna ratsa fata su shiga jini, suna iya rikita homon, wato abubuwan da jiki ke aika saƙo da su, kuma masana na duba yadda suke taɓa jijiyoyin jini, har da na igiyar cibiya. Amma iyakar illarsu ga mai shafawa ba a gama sani ba, kuma ba wanda zai iya rantsewa shi ya jawo ɓarin. Abin da rana ke yi wa fatar zabiya kuwa, wannan ba shakka a cikinsa. Ta ce akwai wani iri mai zink, wanda yake zama a saman fata, shi za ta koma, ta haɗa da malafa da riga mai dogon hannu, shanya kuma a bar wa wasu. Aibinsa ɗaya, yana barin fari a fuska. Gwaggo ta ce, "Ga Kulu? Wa zai gane?" Har likitar sai da ta dara. Gyambon ne bai ba ta dariya ba. Ta ce a kai ta babban asibiti a Birnin Kebbi a duba shi, kada a jinkirta.

Mijin mutumin kirki ne. Ya ce dama gida za ta je haihuwa, to ta tafi tun yanzu. Ya cika mana buhu da shinkafa ya kawo Argungu, ya tsaya a tasha har motarmu ta ɓace.

Da la'asar sakaliya muka kamo hanyar gida. Gwaggo ta yi barci da ƙullin bandar kifi a cinya. Ni ina ta tunanin cewa shekara da shekaru ina aika mai, ina jin na sauke nauyi, ashe akwai abin da ɗan aike ba ya gani. Wanda kunya ta rufe wa baki, sai ka je ka zauna kusa da shi. Har yanzu muna jiran sakamakon gyambon, ina roƙon ku sa Kulu a addu'a.

A motar, mun kusa shiga gari sai na ji Kulu ta lalubo hannuna ta ƙarƙashin hijabi. Ba ta dube ni ba, idonta na kan taga. Ta ɗora tafina a kan cikinta ta danne. Can sai na ji motsi, ƙarami amma da ƙarfinsa.

"Yaya," ta ce, har yanzu tana kallon waje, "matar nan ta ce a gaya miki tana jin tsoro."

Na ce a gaya mata ba inda za ni. Ban ɗauke hannuna ba har muka isa Gwadangaji.