Saniyar Amana a Kududdufin Dumega

Cikin duk shekarun da na yi a kan tarakta, ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce wata Laraba a watan Afrilu, kusa da Dumega. Muna haƙa ramin bututun ruwa, ni a kan mashin, Shef Isuhu yana lura da aikin.

Ga wanda bai san mashin ɗin ba, tarakta ce ta noma da aka ɗaura wa hannun haƙa a baya. In ka iso wurin aiki sai ka sauke ƙafafunta biyu na ƙarfe, ka juya kujera, sannan ka saita wutar inji da hannu. Injin ne ke tura man da ke motsa hannun. In ka cika wuta, hannun ya yi sauri amma yana fizga. In ka rage da yawa, ƙarfinsa ya tafi, injin ma ya iya mutuwa. Rairayi ba ya son wuta, marmara kuwa sai ka ƙara.

Da hantsi wani dattijon Bafulatani, Baffa Sambo, ya zo yana haki. Saniyarsa mai ciki ta shiga kududdufin da ake buga bulo neman ruwa, laka ta riƙe ta har ƙirji. Mutanen gari sun ja da igiya sun kasa.

Shef ya dubi ramin da ba mu gama ba, ya ce, "Baffa, mashin ga na bututu ne."

"Na sani, ɗana. Amma ba tawa ce ba. Habbanaye ce."

Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san wannan kalma. Saniya ce da aboki ke ba abokinsa da garkensa ya ƙare, ta haihu a hannunsa ya riƙe 'ya'yan, sannan ya mayar da uwar lafiya. Shef ya ce in tayar da mashin mu tafi.

Na kafa ƙafafun mashin a busasshen gefe. Shawararmu ita ce in kwashe lakar da ke gabanta, in yi mata gangara ta taka ta fito. Rana ta yi zafi, saniyar ta galabaita, kowa yana cewa a yi sauri. Na ba injin wuta kamar yadda nake ba shi a marmara. Ai kuwa da ƙarar ta tashi sai ta firgita ta hau fizge-fizge, kuma duk motsin da ta yi sai ta ƙara nutsewa. Haƙoran bokitin haƙan suna wucewa kusa da haƙarƙarinta.

Baffa Sambo ya tuɓe riga ya shiga lakar har kwankwaso. Na ga bakinsa yana motsi, ban ji komai ba. Sai da ya ɗaga hannu na rage.

"Direba, rage kukan motar ga. Ba ta jina."

Na ja hannun wuta baya har injin ya fara rawa kamar zai mutu, na ɗan ƙara kaɗan, na bar shi nan. Dattijon ya dafa goshinta yana kiran sunanta, Woɗe, yana yi mata magana da Fulatanci a hankali. Ban san me yake faɗa mata ba, amma daga kan kujera ina jin kowace kalma. Kunnuwanta suka juya wajensa, ta daina motsi.

A wannan wutar hannun ya yi nauyi amma ya yi ladabi. Inda na ce ya tsaya nan yake tsayawa. Na riƙa ɗibar laka rabin bokiti, ina jin Baffa yana cewa, "Dama kaɗan. Tsaya, ƙahwarta na nan." Shef, wanda ba ya iya minti biyar bai dubi agogo ba, ya tsuguna a bakin kududdufin yana kallo.

Azahar ta gota kafin gangarar ta yi. Aka sa mata igiya a ƙaho, Baffa yana gaba yana kira. Ta yunƙura ta faɗi, ta sake yunƙurawa, ta fito tana rawar ƙafa.

Bai fara yi mini godiya ba. Sai da ya wanke mata fuska, ya shafa cikinta ya ji ɗan yana motsi, sannan ya zo ya riƙe hannuna da laka da komai.

"Da ta mutu, da wace fuska zan shiga kasuwar Tibiri? Can mai ita yake zuwa."

Tun daga ranar, in sababbin direbobi suka tambaye ni lamba nawa allurar inji za ta nuna, nakan faɗa musu abin da littafin mashin ya ce. Sannan in sa mutum ya sauka cikin ramin da suke haƙa ya yi musu sallama da muryarsa ta kullum. Wanda bai amsa ba, sai in ce ya rage wuta, domin akwai mai rai a ƙarƙashin bokitinsa kuma ba ya jinsa.