Uba da Ɗa a Gurbi Ɗaya

Fidelina Peguero ba ta taɓa riƙe sandar buga ƙwallon besbol ba, amma a garin Los Yagrumos da wuya a sami wanda ya kalli wasa kamar ta. Tun tana yarinya uwarta ta ɗora ta kan kaskon suya a bakin fili, tana soya yanikeke, wainar fulawar nan mai faɗi da ƙaras-ƙaras. Teburinta yana daidai bayan matsaya ta uku, ɗaya daga cikin wuraren da 'yan wasa ke takawa in suna zagaye fili da gudu, inda wayar shinge ta yage, don haka ko ba ta so sai ta gani. Ubanta mai saran rake ne a gonakin kamfanin sukari, kamar kusan kowane uba a garin.

A bakin filin nan ta haɗu da Nicasio. Shi ke tsare siyore, wato gurbin da ke tsakanin matsaya ta biyu da ta uku, a ƙungiyar garin da ake kira 'Yan Adda. Gajere ne mai gwame, ranakun aiki yana gaban wutar injin sukari, ranar Lahadi yana fili. Ya kusa shekara ashirin a gurbin. Masu farautar 'yan wasa daga Amurka ba su fara leƙo garin ba sai da ya haura talatin. Suka kalle shi, suka yaba, suka tambayi shekarunsa, suka wuce.

'Ya'yansu huɗu, uku mata, sai autansu Amauri. Tun bai iya ɗaura takalmi ba uban ya yanka kwalin madara ya yi masa safar cafe ƙwallo, yana jefa masa ƙwallo a bayan gida har yatsunsa su kumbura. Fidelina takan tsoma masa hannu a ruwan gishiri mai ɗumi. Amauri ya tashi dogo, mai zafin nama. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya gaji gurbin ubansa, ya yi kaka biyu, aka ɗauke shi zuwa Amurka. Ya yi shekaru yana wasa a ƙananan garuruwa masu sanyi, ana cewa saura ƙiris ya shiga sahun manya, sai kafaɗarsa ta dama ta lalace. Aka yi masa aiki, ba ta koma daidai ba. Ya dawo gida, ya sayi babur, ya kama acaɓa. Nicasio ya riƙe a ransa cewa ɗan nasa ya yi saurin sallamawa, Amauri kuma ya san haka ba sai an faɗa masa ba. Suna gaisawa, suna cin shinkafa da wake a tebur ɗaya ranar Lahadi, amma ba sa maganar ƙwallo.

Shekarar da aka sake gina katangar filin, hukumar gari ta ce a zana gwanayen 'Yan Adda tun kafuwarta, mutum tara, kowane gurbi da gwaninsa. Aka ɗora zaɓen a kan tsofaffi biyar ƙarƙashin Don Tulio mai aski, suna zama a shagonsa kusa da teburin wasan domino. Mai jifa bai ba su wahala ba, wani marigayi ne bahago da ake yi wa laƙabi da Kunama. A kan mai cafewa an sha musu. A kan matsaya ta farko har wani ya kifar da teburin ya yi fushi ya tafi gida, washegari ya dawo. Duk aka daidaita, sai siyore.

Gari ya rabu biyu. Tsofaffi suka ce Nicasio ne, don shi ya ƙarar da ƙuruciyarsa a filin nan, ko da zazzaɓi yakan fito. Matasa suka ce tsofaffi ba gwani suke zaɓa ba, ƙuruciyarsu suke tunawa, ai ba banza Amurkawa suka tsallake kowa suka ɗauki Amauri ba. Duk wanda ya zo sayen waina sai ya tsokani Fidelina.

"Doña Fide, tsakaninki da Allah, wanda kika aura ko wanda kika haifa?"

"Ɗaya na wanke wa riga, ɗaya na wanke wa ɗuwawu," takan ce. "Ɗauki wainarka ka ba na baya wuri."

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Don Tulio ya kawo dabara: a sa Amauri a siyore, a matsar da Nicasio zuwa matsaya ta biyu, kowa ya hau bango, a huta. Shi da kansa ya kai labarin gidan Nicasio, da hularsa a hannu. Nicasio ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa tsayawa a matsaya ta biyu ba ko na wasa ɗaya, kuma gurbin yana da mai shi, marigayi Chepe, wanda 'ya'yansa ke nan da ransu. In ƙarya za su zana, su zana ba da fuskarsa ba.

Amauri da ya ji, sai ya faka babur a ƙofar shagon aski ya ce a cire shi a sa ubansa, shi bango bai dame shi ba. Wannan ya fi ɓata wa Nicasio rai. Ya aika wa kwamitin cewa shi ba ya karɓar sadaka daga hannun abin da ya haifa.

Fidelina tana ji tana kallo. Ita dai ƙwallo bai taɓa burge ta ba. Abin da ta sani shi ne ya cinye mata Lahadin miji, ya ɗauke mata ɗa ya dawo mata da shi da hannun da ba ya ɗaguwa sama da kai. Amma tana da ido, kuma ta san amsar.

Wata rana da la'asar ita da Nicasio suna zaune a baranda, tana ɓare ɗanyen agade, shi yana kaɗa kujera, ya yi gyaran murya.

"Tsohuwa, ke kin gan mu duka. Faɗa mini."

Ta ce masa ya bar ta ta yi aikinta. Ya ce ba zai bari ba. Sai ta ajiye wuƙar.

"Ka fi shi zuciya, tsoho. Ya fi ka hannu, ya fi ka ƙafa, ya fi ka jifa. Ƙwallon da kake faɗuwa ƙasa kafin ka tare, Amauri a tsaye yake tare shi. Kai ma ka sani."

Ya tashi ya sa takalmi ya fita. Daga ranar ya koma cin abinci a gidan ƙanwarsa, yana dawowa kwana kawai. Fidelina ta ci gaba da zuba masa nasa tana rufewa, da safe ta ba kaji. 'Ya'yanta mata suka ce da ta yi masa ƙarya an zauna lafiya. Ta ce tambayarta ya yi.

Wajen mako biyu ana haka, sai Nicasio ya tafi shagon Don Tulio, ya zauna aka yi masa aski, da aka gama ya ce a sa Amauri a siyore, a bar wa Chepe gurbinsa. Ran nan ya ci abincin rana a gida. Bai ɗaga maganar ba, ita ma ba ta ɗaga ba.

Haka aka zana bangon ba Nicasio. Amma tunda mai zanen ya fara aiki yake tsaye a kansa, har sai da ya sa shi ya goge ƙafafun Amauri ya sake, wai ba siyoren da ke tsayawa ƙafa a haɗe kamar mai jiran mota. Ranar buɗe bangon Amauri bai zo ba, ya ce yana da fasinja.

Ba a ce uba da ɗa sun shirya ba, don dama ba faɗa suka yi ba. Bayan 'yan shekaru ciwon sukari ya kama Nicasio, ƙafafunsa suka yi nauyi, Amauri ya riƙa ɗaukarsa a babur zuwa asibiti duk ranar Talata. Fidelina ma gwiwa ta hana ta tsayuwar suya, ta bar wa 'yar ƙanenta kaskon, tana zuwa ranar wasa ta zauna a kujera tana gyara mata wuta. Ran asibiti takan raka su ƙofar gida da kofi a gora, ta ga tsohon ya dafa kafaɗar ɗansa ta hagu ya hau, yana yi masa faɗan ya rage gudu tun kafin a tayar da babur.