Ɗigo Uku da Gara Ta Cinye

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya, amma ranar da na kusa kashe wani tsohon baduku da karatuna ba za ta taɓa fita daga raina ba. Mutane kan tambaye ni yadda aka yi na shiga rubutu a kan lafiya da magunguna, ni kuwa in kawo musu zancen littattafai da karatun da na yi ta gidan waya. Wannan duk daga baya ne. Asalin abin wata damina ce a cikin birnin Kano, a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, Turawa ba su tafi ba tukuna.

Kakana, wanda kowa ke kira Malam, Babarbare ne. Iyayensa suka zo da shi daga Borno suka zauna a Jakara, ya girma ya kafa rumfar magani a Kasuwar Kurmi. Har yau idan na rufe ido ina ganin rumfar nan kamar a mafarki. Saiwoyi da ɓawon itatuwa a rataye suna ɗan lilo, hasken rana yana tsiyayowa ta ramukan zana, ƙura tana yawo a cikinsa a hankali. Ƙamshin kanumfari da kimba ya haɗu da warin jima daga layin dukawa, ga ƙamshin ƙasa idan an ɗauke ruwa. Da azahar kasuwar takan yi wani irin lumshewa, hayaniyar ta koma can nesa, sai ka rasa ko a farke kake.

Ni a lokacin shekarata goma sha tara. Na sauke Alƙur'ani, ina karanta ajami kamar ruwa, na kuma leƙa ajin yaƙi da jahilci na koyo boko. Kai, kaina ya kumbura ƙwarai. Gani nake duk gidanmu ba mai ilimi kamata, balle kakata, matar Malam, wadda ko alif ba ta iya ja ba. Mata daga unguwanni suna zuwa wurinta da ciwonsu, ta zaunar da su ta yi ta tambaya, me kika ci, yaya barci, wa ya ɓata miki rai. Ni kuwa in ce a raina wannan ai hira ce, ina magani a nan. Ita kuma ba ta kirana sai da “maigidana”, irin wasan kaka da jika, ta ce ta auri malamin da bai san dawan garin ba.

Malam yana da kundi, wato tarin takardun da ya rubuta magunguna a ciki da ajami, a ajiye cikin wani akwatin katako a ƙasan rumfa. Da aka yi rasuwa a danginmu na Nguru, zai hau jirgin ƙasa ya je ta'aziyya, sai ya kira ni.

“Wanda ya ambaci magani da sunansa, ka ba shi,” in ji shi. “Wanda ya kawo ciwo, ka tura shi gida wurin kakarka, ko ya jira ni.”

Na ce to. Amma to ɗin a baki kawai ta tsaya.

Kwana biyu da tafiyarsa, ina zaune ina gyangyaɗi da azahar, sai ga wani tsohon baduku daga layin da ke bayanmu. Siriri ne, yatsunsa sun rine da jan fata, ba ya magana sai a hankali. Baba muke ce masa. Ya tsuguna yana dafe da ciki, ya ce kwana biyar ke nan bai zaga ba, cikin ya yi tauri kamar dutse.

“Malam ba ya nan, Baba, amma kundinsa yana nan,” na ce masa. Har yau idan na tuna yadda na faɗi maganar nan sai kunya ta kama ni.

Na jawo akwatin, na yi ta buɗe takardu ina gyaran murya don ya ga aiki. Na sami wurin. An rubuta: ga mai taurin ciki, filasko, ɗami, a tafasa a sha da safe. Filasko ganye ne mai wanke ciki, kowa ya san shi, ga shi nan ma a rataye bisa kaina, an ɗaure shi da igiya, kaurinsa ya kai damtsena. Na kwanto shi gaba ɗaya na miƙa masa.

Ya juya shi a hannu. “Duka, ɗana?”

“Duka, Baba. Haka yake a rubuce.”

Ya sa shi a hammata ya tafi. Mutanen wancan zamani ba sa jayayya da abin da ke rubuce da tawada.

Washegari da hantsi na bi ta layin dukawa na ga rumfarsa a rufe, fatun da ya shanya jiya ruwa ya dake su ba wanda ya kwashe. Na tambayi gidansa, aka kwatanta mini wani lungu wajen Shahuci. A soro na same shi, kwance a kan buzu, shi kaɗai. Idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe sun tsage, ƙafafunsa suna ɗaurewa. Tun asuba cikin yake zuba, ya ƙi tsayawa. Na kira shi, ya dube ni kamar daga cikin rijiya, ya motsa baki amma murya ba ta fito ba.

Ban san yadda na isa Jakara ba. Abin da nake tunawa kawai shi ne ruwan kududdufai yana ƙyalli, shirwa tana shawagi a sama, duniya tana ta harkarta kamar ba abin da ya faru. Na tarar da kakata tana tsince gero. Na faɗa mata komai, har na karanto mata layin da ka.

Ta ɗago kai. “Sake faɗa.”

“Filasko, ɗami, a tafasa.”

“Ɗami? Raƙumi ka yi wa magani?” Ba ta ɗaga murya ba. “Tsami ne, maigidana. Filasko da ruwan tsamiya, don ya sassauta masa kaifi. Filaskon kuwa abin da yatsu uku suka tsunkula. Ɗauko mini mayafina, da zumar nan, da gishiri.”

Kwana uku muka yi muna jinyarsa. Ta dafa gero ta tace ruwansa, ta sa ɗan gishiri da zuma, ta miƙo mini ludayi. Na cika shi zan ɗura masa, sai ta riƙe hannuna.

“Har yanzu ba ka daddara da yawa ba? Ɗigo-ɗigo. Ka jiƙa masa harshe, ka jira ya haɗiye, ka sake.”

Ta ce idan la'asar ta yi bai yi fitsari ba, sai a nemo amalanke a kai shi asibiti, ba sauran jira. Na zauna a gefensa ina ɗiga masa ruwan nan, ina kallon inuwar ƙofar soro tana rarrafe a ƙasa. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, ina ta roƙon Allah kada Ya ɗora mini ran bawan nan. Ana gab da kiran la'asar ya yi motsi, ya ce a kama shi zai yi fitsari. Kakata ta sauke ajiyar zuciya, ta yi hamdala da Barbarci, yaren da ba ta yi sai abu ya kai mata ko'ina.

A rana ta biyu, da muryarsa ta dawo, ta fara tambayoyin nan nata da nake rainawa.

“Wa ke yi maka tuwo?”

Ya ce tun da mai ɗakinsa ta rasu a ƙarshen rani ba a hura wuta a gidan ba. 'Yarsu ɗaya tana aure can wajen Zariya. Gurasa yake saya da ƙuli-ƙuli, ya wuni a zaune yana ɗinki, ruwa ma sai ya tuna. Ya ce ba ya son shiga cikin gida, don tukwanenta suna nan yadda ta kife su. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne.

“To kai ai ba filasko kake nema ba,” in ji kakata. “Miyar kuɓewa kake nema, da wanda za ka ci da shi.”

Daga ranar akushinsa ya shiga cikin na gidanmu. Ni nake kai masa kullum da yamma, kuma ta hana ni tashi sai mun cinye tare.

Da ya samu sauƙi na koma rumfa na buɗe kundin, don zuciyata ta ƙi yarda cewa ni ne na yi kuskuren karatu. A ajami harafin ɗa da harafin tsa jikinsu ɗaya ne, ɗigo uku a sama ne kawai ke raba su. Na ɗaga takardar sama wajen haske. Daidai kan harafin akwai wata 'yar huda, gara ta shiga akwatin da danshin damina ta cinye ɗigon ukun tas. Rana ta biyo ta hudar ta sauka a tafin hannuna, ɗan haske kamar ƙwayar gero. Na daɗe ina kallonsa.

Malam ya dawo, ya ji labari, bai zage ni ba. Da ma ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya dubi hudar, ya ce shi bai taɓa rubuta yawan magani ba, don yawan a yatsunsa yake, bai yi tunanin wani zai karanta ba tare da ya tambaya ba. Sai ya sayo takardu, ya fere alƙalami ya ba ni.

“Ka kwafe shi duka. Kowane layi ka karanta wa kakarka da ƙarfi kafin tawada ta bushe. Ka sa yawa, ka sa wanda bai kamata ya sha ba.”

Damina biyu na yi ina wannan aiki, tana tsinke ni a kusan kowane shafi, tana dariya tana cewa yau ma mijinta ya sha ƙasa. Rubutuna na farko ke nan a kan lafiya. Bayan shekaru, da na ci karo da littattafan masu maganin ɗigo-ɗigo na ƙasashen waje, waɗanda ke zaunar da majiyyaci su tambaye shi barcinsa da damuwarsa, sai na yi murmushi. Ban ɗauki duk abin da suka faɗa ba, amma tambayoyin na riga na ji su a wani soro a Shahuci.

Ranar da na gama kwafe kundin, Baba baduku ya zo rumfa da wani abu a naɗe cikin tsumma. Gafaka ce ta jar fata, ya ɗinka daidai girman takardun, don kada gara ta sake samun hanya. A kan murfin ya buga ɗigo uku da baƙi, manya, yadda ko makaho zai shafa ya ji.

“Ga su nan na ajiye maka, ɗana,” in ji shi. “Idan sun sake ɓata, ka zo nan ka ɗauka.”

Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Gafakar tana kan teburina, fatar ta yi baƙi, ɗigon ukun sun kusa shafewa saboda yawan taɓawa. Abin da ta koya mini shi ne takarda ba ta ganin wanda ke kwance, kuma mai karanta ni zai iya sha duka don kawai haka yake a rubuce. Shi ya sa har yau ba na sakin layi ɗaya a kan magani sai na karanta shi da ƙarfi ga wanda bai iya karatu ba, na jira in ji ko zai ce mini, sake faɗa.